Wasiƙar Murna Daga Kurkuku

'Yan makaranta, wata rana bayan an tashi daga darasin Littafi Mai Tsarki, wani yaro ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mana wata tambaya wadda har yau ba ta bar zuciyarmu ba. Ya ce, "Malam, mun karanta inda Manzo Bulus ya umurci mutanen Filibi su riƙa yin murna kullum. To, murna abar umurtawa ce? A kan ce wa yaro ya ɗebo ruwa, ya ɗebo. A kan ce masa ya share tsakar gida, ya share. Amma in an ce masa ya yi farin ciki, alhali kuwa uwarsa tana kwance ba lafiya, ina zai ɗebo shi?" Mun san lalle uwar tasa tana kwance. Muka ba shi amsa irin ta malamin da ke sauri, ya ce to, ya tafi. Amsar ba ta ƙosar da shi ba, mu ma ba ta ƙosar da mu ba. Saboda haka yau mu ke so mu zauna da ku, mu sake duban maganar a tsanake.

Da farko sai mu yarda yaron nan yana da gaskiya ta wani gefe. Akwai abin da mu ke kira jin daɗi, watau irin wanda mutum ya kan samu ran da aka ɗinka masa sabuwar riga, ko ran da sunansa ya fito cikin waɗanda suka ci jarrabawa, ko sa'ad da ya dawo daga gona ya tarar da tuwo da zafinsa. Wannan daga waje ya ke zuwa, kuma in dalilinsa ya tafi sai ya bi shi. Ba sarkin da ya isa ya yi shela ya ce gobe kowa ya ji daɗi. In da abin da Bulus ya ke nufi ke nan, da maganarsa ta zama wauta, ko kuwa mugunta, domin babu rashin tausayi kamar a tilasta wa mai kuka ya yi dariya. Amma kafin mu yanke masa hukunci, bari mu ga ko shi wane ne, da kuma inda ya ke sa'ad da ya rubuta maganar.

Filibi birni ne a ƙasar Makidoniya, a arewacin ƙasar da a ke kira Girka yanzu, kangonsa kuwa yana nan har wa yau kusa da garin Kabala na bakin teku. Ya sami sunansa daga Sarki Filibus, uban Iskandari Mai Girma, wanda ya kame wurin a shekara 356 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya Romawa suka zaunar da tsofaffin sojojinsu a can, har mutanen garin suka riƙa fahariya da cewa su Romawa ne. Wajen shekara 50 bayan haihuwar Almasihu Bulus da abokinsa Sila suka iso. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 16, ya ba da labarin abin da ya same su. Sun fara da waɗansu mata da ke taruwa a bakin kogi don addu'a, cikinsu har da Lidiya mai sayar da tufafin shunayya. Sa'an nan Bulus ya warkar da wata kuyanga mai aljanin duba, wadda iyayengijinta ke cin riba da ita. Da suka ga hanyar kuɗinsu ta toshe, sai suka ja Bulus da Sila gaban mahukunta. Ba bincike, ba shari'a, aka tuɓe su, aka yi musu dukan sanda, aka jefa su can cikin ƙuryar kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu.

Da tsakar dare sauran 'yan sarƙa suka ji mutanen nan biyu suna addu'a suna rera yabon Allah. Mu kan yi saurin wuce wannan wuri don mu kai ga girgizar ƙasar da ta buɗe ƙofofi, gama ita ce yara suka fi so. Amma mu dakata kaɗan. Wurin duhu ne, domin labarin ya nuna sai da yari ya kira a kawo fitila kafin ya shiga. Ashe ba littafi a hannunsu, in ma akwai ba su ganin baƙi. Abin da suka rera daga cikinsu ya fito. Bulus Bayahude ne, Bafarisiye, ya yi karatu a Urushalima wurin Gamaliyel, ɗaya daga cikin manyan malaman zamaninsa, ya tashi da Attaura da Zabura da littattafan annabawa a bakinsa tun yana yaro. Abin da ya tara da kaka shi ya ci da bazara.

Bayan kamar shekara 10 ya sake zama a tsare, masana da yawa sun ce a Roma ne, yana jiran shari'ar Kaisar. Daga nan ya aika wa ikkilisiyar Filibi wasiƙar nan da yaronmu ya karanta. Gajeruwa ce, sura 4 ce, aya 104, amma maganar murna da farin ciki ta fito a cikinta fiye da sau 12. To, ku dubi abin da ke kewaye da murnar. Ya gaya musu bai sani ba ko za a sake shi ko za a kashe shi. Ya ce akwai waɗansu masu wa'azi da ke yi don kishi, da nufin su ƙara masa wahala. Abafaroditus, mutumin da Filibiyawa suka aiko masa da gudummawa, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus kuwa bai ɓoye ba cewa da ya mutu da baƙin cikinsa ya ninku. Waɗansu mata biyu na ikkilisiyar, Afodiya da Sintiki, ba su ga maciji da juna, har sai da ya roƙe su da sunansu su shirya. A wani wuri ma ya ce da hawaye ya ke rubutu. Wanda ya ce a yi murna, shi ne kuma ya ce yana kuka, cikin wasiƙa guda. Ko dai ya manta da abin da ya rubuta, ko kuwa murnar da ya ke nufi irin wadda ta iya zama ɗaki ɗaya da hawaye ce. Mu dai ta biyun muka ɗauka.

Akwai kuma kalma ɗaya kusa da ƙarshen wasiƙar wadda a ganinmu ita ce mabuɗin. Sa'ad da ya ke godiya don gudummawar, ya ce zama da wadar zuci, ko da yunwa ko da ƙoshi, koyonsa ya yi. Ba da shi aka haife shi ba. Abin da a ke koyo kuwa a kan iya umurtar mutum ya koye shi. Kaɗan kafin wannan ya lissafa musu irin abubuwan da ya kamata su riƙa sa hankalinsu a kai. Ga amsar da ya kamata mu ba yaron nan: ba a iya umurtar zuciya ta ji kaza, amma a kan iya umurtar mutum inda zai ajiye hankalinsa. Manomi ba shi da iko da hadari, ba shi da iko da tsiro. Ikonsa ya tsaya ga sharar gona da shuka da noma. Duk da haka ba wanda ya kan ce gero ya zo wa manomi da wanda bai taɓa riƙe fartanya ba daidai wa daida. Karatun Littafi, ga Kirista, shi ne shukar. Bulus da kansa, a wasiƙarsa ga Romawa, ya danganta bangaskiya da jin Maganar. Farin cikin kyauta ce ta Allah, ta kan zo a lokacinta, wani sa'i da wuri, wani sa'i bayan jira mai tsawo.

To, in haka ne, me ya sa da yawa daga cikinmu suka yi shekara da shekaru suna karatun Littafi a makaranta, suka fita ba su ɗanɗani kome ba? A nan laifin ya fi yawa a kanmu malamai. Mun mai da shi darasin jarrabawa. Yaro ya haddace sunayen sarakunan Yahuza da na Isra'ila bi da bi, ya zana taswirar tafiye-tafiyen Bulus guda uku ba kuskure, ya karɓi makinsa, ran da aka gama jarrabawa ya rufe littafin tare da na lissafi. Ya zama kamar ɗan dako da ya ɗauko huhun goro daga nesa a ka, ya san nauyinsa sarai, bai taɓa sa ɗaya a baki ba. Ba mu ce hadda banza ce ba, ai mun ga amfaninta a ƙuryar kurkukun Filibi. Amma akwai hadda irin ta aku, akwai kuma ta mutumin da ya san wata rana zai bukaci abin.

Wani abin da ke ɓata karatun shi ne yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Ku sani Bulus bai rubuta sura ko aya ba, wasiƙa ya rubuta, aka karanta ta da ƙarfi a gaban jama'a tun daga gaisuwa har sallama. Rabon surorin da mu ke bi yau a kan danganta shi ga Stephen Langton na Ingila, a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Sun yi mana amfani wajen neman wuri, amma sun koya mana wata muguwar ɗabi'a, watau mu tsinci aya ɗaya mai daɗi mu bar 'yan'uwanta. Wane ne cikinku zai sami wasiƙa daga ubansa, ya karanta layi na tara kaɗai, ya ninke ya ajiye sai gobe? Wanda ya tsinci ayar murna ita kaɗai, dole ya yi tambaya irin ta yaronmu. Wanda ya karanta wasiƙar duka zai ji ƙarar sarƙa a bayan maganar.

Kada kuma mutum ya ji kunyar cewa bai gane ba. A Ayyukan Manzanni, sura 8, akwai wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha, yana komawa gida daga Urushalima cikin karusarsa, yana karatun annabi Ishaya. Filibus mai bishara ya tambaye shi ko yana fahimta. Mutum mai muƙami irin wannan bai yi girman kai ba, ya amsa cewa ba ya fahimta sai da mai nuna masa, ya ce Filibus ya hau su zauna tare. Labarin ya ƙare da cewa ya ci gaba da tafiyarsa da murna. Da ɗan gari a kan ci gari.

Yanzu sai mu zo ga wuraren Littafin da ba mu cika son karanta wa yara ba. Zabura 150 ce, kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa kuka ne da kai ƙara ga Allah. Ta 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta. Ga littafin Ayuba, inda abokansa uku suka yi ta ba shi amsoshin malamai masu sauri, a ƙarshe Allah ya tsauta musu su, ba shi mai kukan ba. Ga Makoki, da aka yi a kan rushewar Urushalima wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. Ga annabi Habakuk, wanda ya buɗe littafinsa da tuhumar Allah a kan me ya sa ya ke kallon zalunci ya yi shiru, sa'an nan ya rufe shi da lissafin asarar manomi da ta makiyayi, gona ba amfani, garke ba dabba, ya ce duk da haka murnarsa ga Allah ta ke. Waɗanda suka tattara Littafin ba su cire waɗannan ba, kuma mun ga hikimarsu. Mai baƙin ciki in ya buɗe littafin da ba kome cikinsa sai dariya, zai ce wannan bai san ni ba. In ya tarar da kukansa a rubuce tun shekaru dubbai kafin a haife shi, kuma an lasafta kukan nan cikin addu'a, sai ya gane ba a kore shi daga gaban Allah don yana kuka ba. Sau da yawa ta nan bangaskiya ke shigowa. Kowa ya san goro da ɗaci ya ke farawa, amma a sha ruwa bayansa a ji yadda ruwan ke zaƙi.

Akwai wata suka mai nauyi wadda bai kamata mu kauce mata ba, gama za ku gamu da ita in kun yi nisa da karatu. Karl Marx, a wani rubutunsa na 1844, ya kwatanta addini da ƙwayar da ke sa mai ciwo ya manta da ciwonsa. Masu bin wannan ra'ayi su kan ce murnar Littafi dabara ce ta sa talaka ya yi shiru a kan zalunci. Ba za mu ce sukar ba ta da tushe ba, domin lalle an taɓa yin amfani da Littafin haka. A 1807 aka buga wani zaɓaɓɓen Littafi a London don bayi baƙaƙen fata na tsibiran Indiya ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Cikin sura 1,189 na Littafin, 232 kaɗai aka bari. An bar labarin Yusufu yana bauta a Masar, an bar wuraren da ke cewa bayi su yi biyayya, amma daga ƙarshen sura 45 ta Farawa sai aka yi tsalle zuwa sura 19 ta Fitowa. Watau an share labarin yadda Allah ya ji kukan bayi, ya karya Fir'auna, ya fitar da su. Abin kunya ne, ba mu da abin kare shi. Amma ku lura da abin da wannan ya tona. In da Littafin duka maganin barci ne, me zai sa su wahalar da kansu da almakashi? Sun yanke ne don sun san abin da cikakkensa ke iya tayarwa a zuciyar bawa.

Mu koma Filibi mu ga yadda daren nan ya waye. Da safe mahukunta suka aiko 'yan sandansu a saki mutanen a ɓoye. Bulus, wanda ya kwana yana yabo, ya ƙi fita. Ya ce shi da Sila 'yan ƙasar Roma ne, an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, abin da dokar Roma ta hana, saboda haka sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu sun fitar da su. Suka kuwa zo, a tsorace, suka ba su haƙuri. Wanda maye ya kwantar ba ya yin haka. Murnar ba ta sa ya manta an zalunce shi ba, sai ma ta cire masa tsoron masu zaluncin.

A ƙasarmu ma an gwada wannan magana. Tun wajen 1857 J. F. Schön, wani Bajamushe mai aikin mishan, ya fara buga sassan Littafin da Hausa, da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, bayan aikin shekaru da yawa na Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Tun kafin ya fito, a 1913, waɗansu daga cikin mutanen da a ke kira Isawa suka zo wurin Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi cikin ƙasar Zazzau, da makaranta da wurin sujada. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, har dole aka tashi daga wurin. Sun bar gidajensu don su bi Maganar, abin da suka fara girba kuwa kaburbura ne. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Waɗansu daga cikin waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa, inda mishan ta ƙaura a 1929, suka riƙe bangaskiyarsu, 'ya'yansu da jikokinsu suka zama malamai da ma'aikatan asibiti da na gwamnati. A hannunsu kuwa a lokacin annobar sassan Littafin ne kaɗai, ba cikakke irin wanda ke kwance cikin akwatin da yawa daga cikinku ba.

Ba mu yi muku alkawari cewa duk wanda ya buɗe Littafin yau zai kwana da farin ciki ba. Akwai mutanen kirki masu bangaskiya da su kan yi watanni suna karatu kamar mai tauna ƙaiƙayi, kuma wannan ba shaidar cewa Allah ya yashe su ba ce. Akwai ma irin baƙin cikin da ciwo ne na jiki, wanda ke bukatar likita kamar yadda zazzaɓi ke bukata, kada kowa ya ɗora wa mai shi laifin ƙarancin bangaskiya. Da za a mai da mu bakin ƙofar nan yau, ba za mu yi wa yaron bayani mai tsawo ba. Za mu ce ya zauna, mu buɗe Zabura 88 mu karanta tare, sa'an nan mu raka shi gida mu gai da uwarsa. Maganar Filibi ta jira wata rana.

Ku da ke da lafiya da sarari yanzu, ku nemi wani maraice, ku sami aboki ɗaya ko biyu, ɗaya ya karanta wasiƙar Filibiyawa da ƙarfi daga farko har ƙarshe, sauran su saurara, kamar yadda aka yi ran da Abafaroditus ya iso da ita. Ba za ta ci muku fiye da sulusin sa'a ba. Ku kasa kunne ga gaisuwar ƙarshe. Bayan ya isar da gaisuwar 'yan'uwan da ke tare da shi, sai ya ƙara da ta waɗansu masu bi na gidan Kaisar, watau barori da ma'aikatan sarkin nan da ya ke jiran hukuncinsa.